Komai-da-ruwanka ta aljihu: Leatherman, Victorinox ko 'yar China?

Ɗan yayata ne ya tayar da maganar. Wata bakwai ke nan da zuwansa Legas, ya samu gadi a wani gida a Lekki, kuma duk wanda ya san gadin Legas ya san suna ne kawai gadi. Kai ne mai tayar da janareta, kai ne mai kunna injin da ke tura ruwa tanki, kai ne mai canza ƙwan fitila, ranar da get ya ƙi rufuwa kuma kai za a ƙwala wa kira. Wata Lahadi ya zo gaishe ni a Agege, ya tarar da ni tsugune a bayan firjin shago ina ɗaure wayar da ta kwance a cikin fulogi. Da na gama sai ya karɓi abin da ke hannuna ya shiga jujjuyawa. Ya buɗe wuƙa, ya buɗe zarto, ya zaro almakashi, ya naɗe ta ta koma kamar 'yar ƙaramar waya.

"Kawu, irin wannan nake so. Na ga wata a intanet mai kai talatin, kuma kuɗinta bai kai kwatan taka ba."

Na ce, "Zauna tukuna a kawo maka shayi. Wannan ba maganar tsaye ba ce."

Mu a shago komai-da-ruwanka muke ce mata, wasu su ce filaya mai 'ya'ya. Na yi shekaru ina saye, ina ɓatarwa, ina karyawa, ina ara wa mutane ba su dawo da ita ba, don haka bakina yana da abin faɗa.

Abu na farko da na cire masa daga kai shi ne lissafin kawuna. Kamfanonin nan, har da manyan, ƙidayarsu irin ta taron siyasa ce. Leatherman Wave+ da ya gani a hannuna an rubuta tana da kayan aiki 18, amma kan filayar kaɗai sau biyar aka ƙirga shi: bakin mai tsini ɗaya, tsakiyar mai haƙora ɗaya, wurin yanke waya ɗaya, wurin yanke waya mai tauri ɗaya, wurin matse kan waya ɗaya. Victorinox Tinker an ce 12, alhali a cikin 12 ɗin har da tsinken sakace da zoben rataya makulli. Idan na manya haka ne, ina ga wadda ba ta da ko suna? Ni da na zauna na duba abin da hannuna yake buɗewa a mako, huɗu ne ba su wuce ba: wuƙa don igiya da kwali da leda, sukudireba mai bakin sita, filaya, sai almakashi. Sauran sai a yi wata ba su ga rana ba. Tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa ita ce, a cikin huɗun nan wanne ne idan babu shi aikina zai tsaya? Amsar ita za ta nuna masa gidan da zai shiga, don gidajen biyu ne.

Gida na farko na wuƙa ne. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach na ƙasar Suwizalan a 1884, kuma a 1891 aka fara kai wa sojojin ƙasar wuƙar da suke buƙata don buɗe abincin gwangwani da kwance bindiga. A 1897 ya fitar da samfurin da ya zama jar wuƙar nan mai tambari da duniya ta sani. Wannan shi ne Victorinox. Gida na biyu na filaya ne, kuma bai kai na farko tsufa ba ko kusa. Wani injiniya ɗan Amurka, Tim Leatherman, ya zaga Turai da matarsa a 1975 cikin wata tsohuwar Fiat da ba ta kwana biyu ba ta lalace ba. Yana da wuƙar aljihu, amma kullum abin da yake nema filaya. Ya koma gida Fotland ya shafe kusan shekara takwas yana fama, sai a 1983 ta farko ta shiga kasuwa. Asali kuwa ba ya ɓuya. Victorinox wuƙa ce da aka yi wa ƙarin 'ya'ya, Leatherman filaya ce da aka cusa wa wuƙa a mariƙi. Wanda aikinsa yanka ne da datsa da ɗan ɗaure sukuru, gidan farko ya ishe shi. Wanda aikinsa kama ƙarfe ne, lanƙwasa waya, zare ƙusa, riƙe abu mai zafi, ko ya sayi wuƙar Suwizalan mafi tsada zai ƙare yana neman aron filaya.

Kafin a kai ga samfura akwai maganar nauyi, wadda masu tallar ba sa damuwa da ita saboda ba kaftani suke sawa ba. Victorinox Classic SD giram 21 ce, ba ka ma sanin tana jikin makullinka. Tinker wajen giram 60. Leatherman Skeletool 142, Rebar 190, Wave+ 241, Surge kuwa 335. A takarda waɗannan lambobi ba su da wani ban tsoro. Sa giram 241 na ƙarfe a aljihun gefe na shadda ka taka daga Zangon Agege zuwa tashar Pen Cinema, za ka ji rigar ta karkace gefe guda, abin yana dukan cinyarka a kowane taku. Na taɓa sa tawa a aljihun ƙirji na shiga sallar la'asar. Ina yin ruku'u ta suɓuce ta daki tayil, ƙarar ta cika masallaci, ta kuma zame har gaban sahun da ke gabana. Bayan an sallame wani dattijo ya miƙo mini ita da yatsu biyu, ya ce, "Malam, makaniki ne kai ko mafarauci?" Tun daga ranar idan manyan kaya zan sa, ƙaramar nake ɗauka. Manyan na mai wando da bel ne, a rataya su a kube. Duk wadda nauyinta ya dame ka, mako biyu za ka yi ka fara barinta a ɗaki, ranar da buƙata ta taso kuma tana can ƙarƙashin filo.

A gidan Victorinox, masu tsawon milimita 91 su ne na yau da kullum, kuma akwai wani bambanci da ya shafe mu kai tsaye. Spartan, Climber da Huntsman duk suna da wani murɗaɗɗen ƙarfe a baya, na zare toshiyar kwalbar giyar inabi. Mu dai ba mu da abin yi da shi, sai dai wasu suna cewa yana kwance ƙullin igiya da ya ɗaure tamau, kuma gaskiya yana yi. Tinker, Super Tinker da Fieldmaster su ne takwarorinsu da aka cire wannan aka sa sukudireba sita a gurbinsa. A garin da komai sukuru ne, daga soket zuwa fanka zuwa murfin rediyo, zaɓin a fili yake. Tinker tana da wuƙa babba da ƙarama, mabuɗin gwangwani, mabuɗin kwalba mai bakin sukudireba filat, basilla, hantsaki da tsinken sakace. Super Tinker ta ƙara almakashi, Fieldmaster ta ƙara almakashi da zarto.

Almakashin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don a ganina babu kamarsa a cikin duk waɗannan kaya. Yana cin zare, yana cin leda, yana cin filasta, yana rage gashin baki da farce ranar Juma'a ba tare da ya tauna ba. Hantsakin kuma sai ranar da sartsen kwandon tumatir ya shige maka yatsa a kasuwar Mil 12 za ka san darajarsa. Basillar tana huda bel da ya yi yawa, tana da ƙofa kamar allura, ana iya kama silifas da ya tsinke da ita a kai gida. Ita ƙaramar Classic SD, mai milimita 58, wuƙa ce 'yar mitsitsiya da almakashi da magagarin farce. Ga ma'aikacin ofis, ga ɗaliba, ga uwargida a jakarta, ta wadatar. SwissChamp mai kai 33 kuwa abin kallo ce, amma kaurinta ya sa riƙe ta a yi yanka kamar riƙe sandar sabulu ne. Akwai Deluxe Tinker mai 'yar filaya a ciki, sai dai filayar ta kama ƙaramin abu ce, kada a sa ran za ta murɗa ƙarfe.

Rauninsu guda ne babba: wuƙar waɗannan samfura ba ta da sakata, sifirin ne kawai yake riƙe ta a buɗe. Idan yanka kake yi ba matsala. Idan ka ce za ka soka ko ka huda abu mai tauri da tsininta, tana iya rufowa a kan yatsu. Ina da tabo a ɗan alina na dama daga wata tsohuwar wuƙa mai naɗewa da na ce sai na huda murfin jarka da ita, kuma laifin nawa ne, don an yi basilla saboda wannan aikin. Na biyu, sukudireba sitar a bayan wuƙar take, tana fitowa a gicciye. Hakan yana ba hannu ƙarfin murɗawa, amma idan sukurun yana lungu kusa da bango, jikin wuƙar ba zai samu wurin juyawa ba.

A gidan Leatherman, Wave ita ce sarauniya tun fitowarta a 1998, kuma dalilin ɗaya ne: wuƙaƙenta biyu, mai santsi da mai haƙora, da zarto da magagari duk daga waje ake buɗe su ba sai an buɗe filayar ba, wuƙar ma da babban yatsa ɗaya. Wanda ya taɓa riƙe bakin buhu da hannun hagu yana neman abin yanke igiya da na dama ya san amfanin wannan. Kowane kai yana da sakata. Wave+ da ta fito a 2018 ta ƙara abu mai muhimmanci, wato haƙoran yanke waya da ake kwancewa a sa sababbi. Duk filayar da aka ce ta yanke ƙusa ko wayar ƙarfe sai haƙorinta ya yi giɓi, kuma idan ba mai canzuwa ba ne, giɓin ya zauna ke nan har abada. Inda Wave take ba ni haushi shi ne sukudirebarta. Kawunan masu cirewa ne, shafaffu, na kamfanin kaɗai, ba irin masu kusurwa shida da ake samu a kowane shagon kayan aiki ba, kuma gajeru ne. Sukurun da ke can cikin rami, irin na bayan soket mai dogon waya ko na murfin fanka, ba ta kai gare shi sai an sayi ƙarin hannu daban. Idan kan ya faɗi a cikin yashi kuma, sai addu'a.

Shi ya sa ni a wurina Rebar ta fi dacewa da mai aikin ƙarfi a nan. Ta fi Wave sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi, haƙoran yanke wayarta ma ana canzawa, sitarta a jikinta take ba ta ɓata, tana da zarto da magagari da basilla. Abin da ta rasa almakashi ne, kuma sai ka buɗe filayar kafin ka kai ga wuƙa. Wannan na ƙarshe wasu suna ganinsa aibi, ni kuwa ina ganin yana da rana: a idon mai bincike a hanya, abin da ya fi kama da filaya ya fi abin da wuƙarsa ke fitowa da yatsa ɗaya sauƙin bayani. Wingman ita ce ta masu farawa, filayarta tana da sifirin da ke buɗe ta da kanta, almakashinta a waje, amma haƙoran yanke wayarta ba sa canzuwa. Skeletool an rage mata komai sai filaya, wuƙa, sukudireba da mabuɗin kwalba, kuma ga mai keke ko ɗan acaba da ke son abin da zai maƙala a wando ya manta, ita ce. Surge ta direban tirela ce, wanda zai ajiye ta a mota daga Apapa har Kano. Almakashinta babba ne, zartonta ana cirewa a sa wani, nauyinta kuma ba ya damun wanda ba a aljihu yake ɗauke da ita ba. Charge da ARC kuɗin ƙarfen wuƙa mai riƙe kaifi ake biya a kansu. Wuƙar Wave da Rebar ƙarfe ne da ake kira 420HC, yana dakushewa da wuri amma minti biyu a kan dutse ya dawo. Masu tsadar suna daɗewa da kaifi, idan sun dakushe kuma sai dutse na musamman. Mai yanke igiyar buhu da kwali bai buƙatar wannan wahalar.

Victorinox ma suna da tasu filayar, SwissTool da ƙanwarta Spirit mai wajen giram 210. Wajen kyan ƙira da santsin buɗewa babu wadda ta kama ƙafar Spirit, duk kawunanta daga waje suke buɗewa, ƙarfenta gogagge ne mai sheƙi. Sai dai haƙoran yanke wayarta ba sa canzuwa, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Gerber suna da MP600 wadda ake wurgo kan filayarta da hannu ɗaya, da Center-Drive mai karɓar kawunan sukudireba na gama-gari, abin da ya magance matsalar da na faɗa a kan Wave. SOG kuma sun sa giya mai haƙora irin ta inji a mahaɗin filayarsu don ƙara ƙarfin matsa. Duk suna da kyau, amma ba su kai biyun farko yawa a hannun mutane ba, kuma a wurinmu abin da ya fi yawa shi ya fi sauƙin sayarwa ranar da aljihu ya yi zafi.

A nan ne na dubi yaron na ce masa ya buɗe kunne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan, komai tsadarta, da aka yi don taɓa waya mai wuta. Jikinsu ƙarfe ne daga baki har gindi, wutar gida kuma bolt 230 ce. A Legas inda gida ɗaya yake da layin NEPA, da janareta, wani har da batirin inbata, kashe makunni ɗaya ba ya nufin wayar ta mutu. Testa ita ce gaba da komai, sannan filaya mai roba da aka rubuta 1000V a jikinta. Haka kuma filayar aljihu ba sufana ba ce. Notin lamba 10 da ya cika jikin janareta da babur, idan ka kama shi da ita ka murɗa, kusurwoyinsa za su cinye ya koma kamar ƙwallo, daga nan ko makanike sai ya yi da gaske. Fulogin janareta yana da sufanarsa. Sukurun cikin wayar hannu kuma sai kayan masu gyara na kasuwar Computer Village, babu komai-da-ruwankar da za ta shige su. Wanda riƙe noti da bututu ne damuwarsa, akwai wata 'yar filayar Jamus, Knipex Cobra XS, tsawonta santimita 10, tana kama abin da filayar Wave ba za ta iya ba. Ita da Tinker a aljihu ɗaya ba su kai nauyin Rebar ba.

Sai tsatsa. Wanda ya zo daga Arewa yana ganin idan an ce ƙarfe ba ya tsatsa to ba ya yi. A Kano ko Katsina maganar ta kusa gaskiya. A nan, da iskar teku mai gishiri da damina mai tsawo da gumin aljihu, sai dai a ce wani ya fi wani jinkiri, kuma Lekki da Apapa sun fi Agege cin ƙarfe. Mai sheƙi irin na Victorinox ya fi juriya, wanda fuskarsa ke da ɗan kaushi ya fi saurin fitar da ɗigo-ɗigon ja, musamman a mahaɗin filaya da jikin magagari. Maganin ba wuya. Idan ruwa ya taɓa ta, a buɗe duk kawunan a goge a bar ta ta sha iska, kada a mayar da ita kube a jiƙe. A ɗiga man keken ɗinki a mahaɗai lokaci zuwa lokaci. Kada a sa man gyaɗa, yana yin danƙo ya tara ƙura har ta ƙi buɗewa. Wanda yake fere mangwaro ko rake da wuƙar, ya wanke ta nan take, ruwan 'ya'yan itace yana da tsami.

Yanzu maganar da ta fi damun yaron, kuɗi. Wave+ a can Amurka ta haura dala ɗari, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kowa ya san abin da dala ɗari take nufi ga mai albashin gadi. Tinker ba ta kai sulusin haka ba. Masu kare tsadar suna kawo hujjar garanti: Leatherman shekara 25, Victorinox muddin rai a kan aibin ƙira. Gaskiya ne, amma garantin sai ka aika da kayan inda za a gyara, kuma daga Legas kuɗin aike da jira suna cinye rabin daɗin. Sannan babu garantin da ya shafi ɓata, ko sata a cikin bas ɗin danfo, ko maƙwabcin da ya ce "ara mini yanzu zan kawo." A lissafina aro ya ci mini fiye da abin da karyewa ta ci.

Kayan China kuwa kashi uku ne, kuma zalunci ne a haɗa su a kwando ɗaya. Akwai masu sunan kansu, irin su Ganzo, Roxon da NexTool, waɗanda suke buga sunansu a jiki ba kunya. Ba su kai na asali laushin buɗewa da daidaiton ƙira ba, sukan fi nauyi, amma suna aiki, kuma idan ta ɓata ba za ka kwana kana juyi ba. Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan ba, fara da su dabara ce: wata uku za su nuna maka kawunan da kake amfani da su. Kashi na biyu marasa suna, masu kai talatin a kwali mai hoto. Na taɓa sayen ɗaya a hannun mai talla a cikin cunkoson mota. Da na isa gida na sa sitarta a kan sukurun soket, murɗawa ɗaya bakin ya lanƙwashe kamar alawa, sukurun ko gezau. Almakashinta kuwa leda ma naɗe ta yake yi. Kashi na uku shi ne mafi muni, jabu mai ɗauke da sunan Leatherman ko tambarin Victorinox, wanda ake yi wa kallon kitse ashe rogo ne. Ka biya kuɗin da ya fi na kashi na farko, ka samu ingancin kashi na biyu.

Ana samunsu a Jumia da Konga da Jiji, wasu kuma saƙo suke bayarwa a taho musu da ita daga waje, akan kuma ci karo da ta asali 'yar gwanjo wadda ta fi sabuwar jabu sau goma. Ko ina ne, idan da hali a riƙe ta a hannu kafin kuɗi ya fita. Rufe bakin filayar ka ɗaga ta sama wajen haske: tsinin biyu su haɗu daidai, ba ɗaya ya wuce ɗaya ba. Kama gefen takarda da tsinin ka ja, ta ƙwarai za ta riƙe. Buɗe mariƙan ka girgiza su gefe da gefe, idan suna rawa yau, gobe sai abin da ya ƙaru. Gwada almakashin a kan leda ko ƙyalle, don takarda kowane almakashi yana ci. Buɗe wuƙar ka danna bayanta a hankali, yatsunka a nesa da hanyarta, ka ga ko sakatar tana riƙewa. Wuƙar Victorinox ta asali idan ta buɗe ko ta rufe tana yin wata ƙara tas, kuma rubutun da ke gindinta a fili yake, ba ya da dishi-dishi. Farashi ma shaida ne: wanda ya ce zai ba ka sabuwar Wave a kuɗin Tinker ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa.

Wuƙa wuƙa ce ko da tana cikin filaya. Ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu, sai a jakar da ake aunawa. Na taɓa mantawa da ɗaya a aljihu zan tafi gida, na tuna ina kan layin bincike, dole na bar ta. Wuraren da ake caje mutane a ƙofa ma a yi tunani kafin a je da ita. Mu da ake yi wa kallon baƙi a wasu unguwanni, ba ma buƙatar ƙarin abin da za a ce an gani a jikinmu da dare, don haka ƙarama mai kama da kayan aiki ta fi babba mai baƙin fenti irin ta sojoji kwanciyar hankali.

Shayin ya huce kafin na zo kan hukunci. Direban dogon zango, Rebar ko Surge. Mai shago irina da ke fama da firji da janareta kuma yana da halin saye, Wave+. Mai keke ko babur, Skeletool, ko 'yar China mai suna idan kuɗin bai kai ba, tare da sufana 10 a ƙarƙashin kujera. Ɗan kasuwar Mil 12 da kwanansa igiya da buhu, da ma'aikacin ofis, da malamin makaranta, Tinker ko Super Tinker.

"To ni fa, Kawu?"

Na ce, "Kai wuri ɗaya kake kwana kake tashi. Komai-da-ruwanka ta mai yawo ce, wanda ba zai iya jan akwatin kaya ba. Kai kana da ɗakin gadi. Sayi testa, da filaya mai roba, da sukudireba doguwa sita da filat, da sufana 10 da ta fulogi, ka zuba su a tsohon gwangwanin madara. Dukansu ba su kai kuɗin Wingman ba, kuma kowanne ya fi na cikin tawa aiki. Idan canji ya rage, ka sa Tinker a aljihu."

Fuskarsa ta nuna ba haka ya so ji ba, idonsa yana kan Wave ɗin har ya tashi. Bayan mako uku ya kira ni da dare, ana jin ƙarar janareta a bayansa. Ya ce ya haɗa gwangwanin, ya kuma samu Tinker 'yar gwanjo a hannun wani a Obalende, ya gwada ƙarar rufewarta kamar yadda na ce. Damuwarsa ɗaya, babu tsinken sakacen a jikinta, ko an cuce shi ne? Na ce masa ana sayar da tsinken daban, kuma ko da yana nan, na bakin wani ne, da ma cirewa zai yi.